Bango Kawai Suka Bar wa Isufu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Isufu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina bakin gidana a unguwar Cissin ina ƙoƙarin tada moto, wato babur ɗina, in tafi lise, makarantar sakandare, wajen ɗalibaina. Ba wanda ya kira ni. A waya na gani, a sitatus ɗin ɗan wansa: wani tsohon hotonsa na sallah, an jera masa fuskokin kuka a ƙasa. Da na kira gidan, sai aka ce ai tun jiya da la'asar aka kai shi.

Tun jiya. Ni da uwata ƙanwar ubansa ce.

Waɗanda ba su san shi ba, Isufu taubashina ne. Tare muka tashi, benci ɗaya muka zauna a lekol, makarantar boko. Da ya girma sai ya shiga shagon atamfa da shadda na wansa Alhaji Mamman a kasuwar Sankaryaaré, nan ya yi rayuwarsa yana auna yadi yana naɗewa. Shago na Alhaji, gidan da ke unguwar Zango na Alhaji, ɗakin da Isufu yake kwana ma na Alhaji.

Abu ɗaya ne nasa: littattafansa.

Bede ne, littattafan zane na Faransanci, labari guda mai tsawo da aka yi shekaru ana fitarwa kashi-kashi. Labarin wani ayari ne na jiragen sama da suka bar duniya bayan ta ƙi mutane, suna bin taurari suna neman inda za su sauka. Madugunsu mace ce mai hannun ƙarfe. Isufu yakan ce, "Abu, fatake ne fa irin kakanninmu. Jakuna ne kawai babu. Kowane tauraro zango ne."

Mutanen kasuwa suka sa masa suna Ɗan Wata. In ya wuce sai a ce, "Ɗan Wata, yaushe jirgi zai tashi? A ajiye mini kujera ta taga." Ya yi murmushi ya wuce. Wasu daga cikinsu yau na ga sun rubuta "mutumin kirki, ba ruwansa da kowa". Gaskiya kuka faɗa. Ku ne kuke da ruwa da shi.

Da farko sirara yake saye, kwance, wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a bakin hanya. Wannan babu bango, wancan wani yaro ya yi masa zane da biro. Shekarar da aka tashi unguwarmu ta tsakiyar gari, ruwan sama ya same su a kan amalanke, suka manne suka zama kamar tuwo. Ban taɓa ganin Isufu ya yi kuka ba sai ranar.

Bayan shekaru sai aka fara fitar da manyan, waɗanda ake kira antegiral. Ana haɗa sirara da yawa a ɗinke su wuri guda, da bango mai kauri kamar allo. Ya ɗauki aniyar sai ya tara su duka.

Mun sha faɗa da shi a kan wannan. Ni cewa nake, "Ɗan Wata, ka riga ka karanta su, ka haddace su kamar Fatiha. Me za ka yi da waɗannan tubala?"

Shi kansa ya san aibinsu, ya fi ni sani. Yakan ce ɗinkin yana haɗiye tsakiyar zane, sai ka ga jirgi ba ciki. Sun sake fentin, sun sa shi ƙyalli kamar atamfar roba. Ba ka iya kwanciya da shi, in ka yi gyangyaɗi ya fasa maka hanci. Amma kashi-kashin da bai taɓa samu wajen masu shimfiɗawa a ƙasa ba, duk suna ciki. Akwai zanen farko na fensir a ƙarshen kowanne, inda za ka ga madugu tun ba a yanke shawarar wane hannu za a cire mata ba.

"Sirara na aro ne," in ji shi. "Manya na gado ne."

Na ce, "Gadon wa? Kai da ko kaza ba ka haifa ba?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Haka muke da shi, wasan taubasai ba ya jini.

Ba ya ba da aronsu. In za ka taɓa, sai ka wanke hannu da sabulu yana tsaye yana kallo. Amma lokacin da aka yi mini aiki na yi wata da watanni a kwance, sai ga shi a Cissin da na farkon, ya naɗe shi a cikin sabuwar shadda ya ɗaure a bayan moto. Ya ajiye mini a gefen gado ya ce, "Kada ki ci miya kusa da shi." Na gama, ya kawo na biyu. Haka na shiga ayarin nan ba da niyya ba.

Ranar da mijina ya rasu, shi ya zauna da 'ya'yana a zaure yana zana musu jirage a bayan kwali har gida ya watse.

In ya zo gidana bai taɓa zuwa hannu sake ba. Ko gyaɗa ce, ko ragowar yadi ya ce a yi wa ƙaramar 'yata ɗankwali.

Sai ciwon suga ya kama shi. Ya fara da ƙafa, ya hau ido. Matarsa ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta ce za ta gaida gida, ba ta dawo ba. Alhaji ya ce ya daina zuwa shago tunda ya fara ba mutane shuɗi a maimakon kore.

A cikin wannan hali ne na ƙarshen ya iso, wanda a ciki labarin ya ƙare. Wani abokin cinikinsu ya taho masa da shi daga waje. Isufu bai ko yage ledar ba. Ya ce sai an yi masa aikin ido, da idonsa yake son ganin inda suka sauka. Na ce in karanta masa, ya ce, "Bede ba a jin sa da kunne, Abu. Ki bari."

Aikin ido ba a yi ba. Kullum Alhaji sai ya ce bari kaya su iso daga Kano tukuna.

Kwanakin baya na je duba shi, na tsaya wajen mai tsire na bakin lungunsu in saya masa ko zai ci. Mutumin ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya zaro takarda ya naɗe.

Fuskar madugu na gani, man tsire yana bi ta kumatunta.

Na ce, "Malam, ina ka samo takardar nan?"

Ya ce daga gidan Alhaji aka ba shi, buhu guda, kyauta. Har da ƙorafi ya yi mini. Wai takardar santsi gare ta, ba ta shan mai, jarida ta fi ta.

Ban san yadda na isa ɗakin ba. Isufu yana zaune a bakin katifa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ɗaga kai na dubi kanta. Suna nan a jere, kowanne a wurinsa, sunayensu na ƙyalli a gadon bayansu. Na ce a raina to ko na wani ne.

Ya ji ƙamshin tsire ya ce, "Taubashiya, yau kin yi abin kirki. To ƙarasa ladanki. Na haƙura da idon nan. Ɗauko na ƙarshen ki karanta mini."

Na ɗauko. Ba leda. Ba nauyi.

Na buɗe. An yage cikin tas, an cusa irin kwalin nan da ake naɗe shadda a jikinsa, don ya tsaya da kaurinsa. Na ɗauko na kusa da shi. Kwali. Na gaba. Kwali. Duka.

Na tsaya da shi a hannu.

Sai ya ce, "Kwali ne, ko?"

Na ce, "Isufu..."

"Na sani. So nake wani mai ido ya faɗa mini, kada in ce haukata nake."

Ya ce da rana tsaka aka yi, ran wata Juma'a bayan an sauko. An fito da shi tsakar gida wai ya sha iska, aka zaunar da shi a kujera. Nan kusa da shi Alhaji ya sa aka zauna ana yagewa. Ya ji ƙarar ɗinki yana tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ji Hajiya Rabi, matar Alhaji, tana cewa a mayar da bangon yadda suke, tunda da hannu yake lalubawa, kada ya tada wa mutane hankali.

"Makaho ne ni, Abu. Sun manta ba kurma ba ne."

Na ce, "Kana ji ka yi shiru?"

Ya ce, "Wanda ake kai wa ruwan wanka ba ya rigima da mai guga."

Kullum da safe yakan tashi ya shafa bayan littattafan kamar yadda ya saba, don mutanen gidan su ji daɗi dabararsu ta ci.

Na gaya masa abin da mai tsire ya ce game da takardar. Ban san me ya sa na faɗa ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kin ga, kin ci gardama. Ko tsire ba su iya naɗewa ba."

Da ya lafa sai ya ce, "Wadda aka naɗe miki, me ke jiki?"

Na juye naman a faranti, na shimfiɗa takardar a gwiwata. Na ce ga madugu tsaye a ƙofar jirgi, gashinta ya yi fari fat. Ƙofar a buɗe take. Bayanta mutane sun cika, akwai mai goyo. Gabanta wani haske ne ja, ban sani ba ko fenti ne ko yaji.

Ya ce, "Ban san wannan ba. Gashinta bai yi fari ba inda na tsaya. Na ƙarshen ne."

Ya matso. "Ta ce me?"

Wurin maganar ya yage, rabin kalma ce ta rage.

"To sun sauka?"

Na ce, "Ban sani ba, Isufu. Shafi ɗaya ne."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, ya ninke ya sa a aljihu. Naman ko yanka ɗaya bai ci ba.

Na koma wajen mai tsire a guje. Ya ce buhun ya kusa ƙarewa, sauran kuma ya raba wa mai ƙosai da mai kifi. Na tsuguna na tona abin da ya rage. Na farko-farko ne duka, waɗanda ya haddace.

Na samu Alhaji a zaure yana jan carbi. Na ce, "Yaya Alhaji, me Isufu ya yi muku?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Zainabu, hotunan aljanun nan su suka cinye masa ido. Don lafiyarsa muka yi. Ke da kike malamar lekol, a kan littafin 'yan yara za ki zo ki tsaya mini a ka?"

Na faɗi abin da na faɗa. Ban yi nadama ba, kuma ba zan maimaita a nan ba.

Ya ce kada in sake taka masa gida.

Daga ranar in na kira wayar Isufu, Hajiya ce ke ɗauka. Yana barci. Yana wanka. Yana barci. Na zaga masu littattafan ƙasa har na gaji, babu mai na ƙarshen. Na ba da saƙo a taho mini da shi daga waje. Har yanzu yana hanya.

Ɗazu na je gaisuwa, don gaisuwar mutuwa ba a hana ta. Na leƙa ɗakinsa. An fitar da katifa, an share, dilolin atamfa sun kai rufi. Kayan Kano sun iso.

A tsakar gida mata suna dafa shinkafar sadaka. Wata tana firfita gawayi da bangon littafi, wata ta ɗora cokali a kan wani. Hajiya Rabi ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Tanti Zainabu, sai haƙuri. Wallahi mun yi iya ƙoƙarinmu."

Na ce, "Na gani."

Ɗalibaina da kuke tambayata ko manyan nan sun cancanci saye: takardarsu tana da kyau, ɗinkinsu yana da ƙarfi, sai da ƙarti suka yi gumi kafin su raba shi. Ku saya in kuna so. Amma ku yage ledar a ranar, ku karanta tun ido yana gani. Ku ba da aro, ko za a ɓata da miya. Abin da ke gidan wani shi ne ba a iya yage muku.

Ya Allah ka jiƙan Isufu. Ka gafarta masa, ka sa ciwon da ya sha da shirun da ya yi su zama kaffara. Ka buɗe masa idonsa a kabarinsa, ka yalwata masa shi, ka ba shi gida nasa na kansa a Aljanna, inda ba mai fito da shi tsakar gida.

Na yi ƙoƙarin sa mutanen gidan nan a addu'ata, bakina ya ƙi. Wanda zuciyarsa ta fi tawa sanyi ya yi musu.

Ni dai roƙona, duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ko kana cikin masu kiran sa Ɗan Wata, ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu. Sunansa Isufu. Ku kira shi da sunansa.