Haƙarƙarin Sumana

Madina ƴar unguwar Yantala ce, Bazabarma, Hausarta ta kasuwa. Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba ta kama aikin jinya a wani ɗan dispanser, ƙaramin asibiti bayan Zongo, wurin da ba iskar kwalba, ba motar ɗaukar marar lafiya, sai kinin da aidin. Can wani lokotoro, likita mai wucewa, ya koya mata sabon abu: in zuciyar yaro ta tsaya, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a danna ƙirji, a hura masa iska a baki. Kukan mutuwa ya jira tukuna.

Wata rana da hantsi aka tsamo Sumana, ɗan Harouna tela, daga kogi. Kafin ta iso mata sun lulluɓe shi da zane suna salati. Madina, wadda dama fushinta a kusa yake, ta ture su, ta yaye zanen, ta durƙusa. Tana dannawa tana hurawa har ta ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin tafinta. Ba ta tsaya ba. Can yaro ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya tsala kuka.

To, ka ji mutane. Maganar da ta zagaye unguwa ita ce Madina ta karya wa yaro haƙarƙari. Numfashin kuwa, aka ce dama kwanansa bai ƙare ba. Ita ma ta san rai na Allah ne, amma ta ji haushi ƙwarai da aka bar mata ƙashin kaɗai. Ta tare Harouna a shagonsa ta tambaye shi ko ya fi son ɗansa da ƙashi lafiya cikin likkafani. Bai ko ɗago daga kan kekensa ba.

Tsoronta ɗaya, kada a daina kiranta. Ta bi gida-gida tana cewa a zage ta in an so, amma a kira ta da wuri.

Da damina zazzaɓi ya kama jinjirar Balki maƙwabciyarta, har numfashinta ya ɗauke. Katanga ce kawai tsakaninsu, Madina kuma tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba a aiko ba sai da jiki ya yi sanyi.

Ta shiga a fusace, ta tambayi Balki me ya hana ta ɗaga murya.

Balki ta ce, "Ƙarama ce sosai, Inna. Na ji tsoron ki ji mata ciwo."