Rufa Ido a Gaban Gwaggo

Ni ban tashi da niyyar koyon rufa ido ba, darussan lissafi na je nema. A lokacin ina koyarwa a kolej a Tibiri. Wata ranar kasuwa na hau babur zuwa Dogon Dutsi, na shiga ɗaya daga cikin shagunan nan da ake zuba wa mutane fim da wa'azi a waya, na ce a sa mini bidiyon darussan lissafi. Mai shagon ya karɓi wayar yana ta surutu da wani, ya danna abin da ya danna, ya miƙo mini. Sai da na koma gida na ga darussan guda biyu ne kacal, sauran duk wani Bature ne yana lacca a kan wasan karta. Na ce Bature, amma gaskiya ban san ko wane ne ba, don ba a nuna fuskarsa ko sau ɗaya. Hannuwa biyu ne a kan koren ƙyalle, sai murya tana bayani da Faransanci, a hankali kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Haushi na ji, har na sa yatsa zan goge. Sai hannun nan ya ɗauki tarin karta, bakwai ja a sama, ya shafa tafi a kanta sau ɗaya, ta koma baƙin sarki. Ni da nake taƙama babu abin da ke wuce mini a kan allo, na zauna baki buɗe. Muryar ta ce yanzu za ta nuna yadda aka yi. Ashe sarkin yana maƙale a cikin tafin hannu tun farko, tushen babban yatsa da ƙaramin yatsa ne ke riƙe da shi, hannun kuwa a sake kamar babu komai a ciki. Shafawar nan ajiye shi ake yi a kan jar. Na ce ashe abin banza ne, zan iya kafin la'asar.

Wata bakwai na yi.

Na sayi kwalin karta a kanti, mai kantin yana kallona ta gefen ido, don a wurinmu wanda ya sayi karta an riga an gama masa hisabi, ɗan caca ne. Alli ya busar mini da yatsu, kartar ta riƙa zamewa. Da zafi ya shigo kuma gumi ya sa ta manne, sai na shafa hodar matata. Na cire madubin babur na jingina shi da buta, kullum bayan an tashi daga lakkol, wato makaranta, ina zaune a gabansa ina kallon hannuna, sarki yana faɗuwa ƙasa ina ɗauka. Muryar nan tana da wasu ka'idoji da take maimaitawa a kowace lacca: kada ka kalli hannun da ke ɓoye abu, kada ka yi wasa ɗaya sau biyu a gaban mutum ɗaya, kada ka faɗi sirrin. Na haddace su fiye da yadda ɗalibaina suka taɓa haddace mini wani abu. Kuma na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Ranar da na fara ruɗa kaina a madubi, sai da na tashi na zagaya tsakar gida.

Da hutun Babbar Sallah na tafi garinmu, wani ƙauye kusa da Gesheme, da karta a aljihu da zumuɗi a ciki.

A gidan akwai Gwaggo, yayar mahaifina. Ba ta haihu ba, mu ne ƴaƴanta. Ita kaɗai ta rage a zuriyarmu mai kula da Doguwar gida, iskar da kakanninmu suka yi alkawari da ita, wadda aka ce tana zaune a tsamiyar bayan gari. Mahaifina ya bar wannan hanya tun yana saurayi, mu kuma muka tashi tsakanin lakkol da masallaci. Gwaggo ce ke kai mata nono a ƙwarya, ita ta san kirarinta, ita ta san saiwoyin da ake jiƙawa in yaro ya kwana yana firgita. Ta tsufa sosai a lokacin, kuma abu ɗaya ke cin ranta, kowa a gidan ya san shi. Ta yi imani in ta mutu ba wanda ya gaje ta, Doguwa za ta zo ta iske ƙwarya a bushe, ta ɗauki hakkinta a jikin yaran gida, ta shanye wa wannan ƙafa, ta shanye wa wancan hannu. Mu dariya muke yi. Ita kuwa in ta ga jikokin gidan suna guje-guje sai ta bi ƙafafunsu da kallo.

Washegarin Sallah da hantsi, ana zaune a rumfa ana shan shayi, na fito da kartata. Na nuna bakwai ja, na shafa, ta koma baƙin sarki. Ban taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Maza suka kwashe da dariya, wani ya yi salati, wani ya ce in sake, na ƙi, ina bin ka'ida. Ƙanena, wanda ke sayar da kayan babur a Dogon Dutsi kuma ba ya wasa da maganar sunna, ya ɗaure fuska ya tashi ya ba mu wuri. Ban lura Gwaggo tana zaune a bakin danga tana ɓarar gyaɗa ba sai da na ji muryarta.

"Mushe, taho nan. Miƙo hannunka in gani."

Haka take kirana, mushe, yadda ƴan lakkol ke kiran malaminsu, amma a bakinta tsokana ce. Na miƙa mata. Ta juya tafin, ta juya bayan, ta kai shi hanci ta shinshina.

"Tun yaushe taka zo maka?"

Na ce wa? Ta sake ni, ta kwashe gyaɗarta ta shiga ɗaki.

Da safe na tashi na ga baƙar akuya ɗaure a turke a ƙofar ɗakinta. Matan gida suka ce ta aika Gesheme a faɗa wa mai goge ya shirya, za a yi mini girka, wato a zaunar da iskar a kaina yadda ake yi wa wanda ta zaɓa. Suka ce jiya ta cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. A ganinta Doguwa ta gaji da jira ta zaɓi magaji da kanta, ta kuma zaɓi wanda ba a zata ba, ɗan boko mai wando da takalmi.

Nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na yi shiru, kwana uku. Na gaya wa kaina ka'ida ce ta hana ni faɗin sirri, na gaya wa kaina tausayinta nake ji. Akwai tausayin, amma akwai wani abu kuma. Gwaggo ba ta taɓa ɗaukata da muhimmanci ba. Tun ina yaro ta ce kaina ya cika da takarda babu wurin hankali. Yanzu ga ta tana ajiye mini hanta da ƙoda daga naman Sallah, tana korar yara in sun dame ni, tana kirana ɗana maimakon mushe. Na ji daɗin wannan, na bar shi ya yi ta tafiya.

Ƙanena ne ya tare ni a hanyar masallaci bayan azahar.

"Yaya, tambaya guda zan maka. Abin nan sihiri na ko wayon hannu?"

Na ce wayon hannu ne, rufa ido, ko shi zai iya in ya zauna. Na zaci zai huce. Sai ya ƙara murtuke fuska.

"To wannan ya hi muni. Da sihiri na sai in ce ka tuba. Amma ka san ƙarya ta, ka bar tsohuwa ta ɗaure akuya, gobe mai goge shi taho, a tara mutane. Ran nan mi za ka yi? Ka hwaɗi ƙasa ka yi ta birgima kai ma?"

Na fusata, na ce masa shi komai a wurinsa haram ne, har dariya. Ya ce bai ce kada in yi wasa ba, ya ce kada in yi wasa da ita. Ya wuce ya bar ni tsaye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron da na goya ya fi ni gaskiya.

Bayan la'asar na shiga wurin Gwaggo. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, akuyar tana cin harawa kusa da ita. Na durƙusa na gaishe ta, na fito da karta.

"Gwaggo, abin da kika gani ran nan, rufa ido ne."

"Idona buɗe shike, ɗana. Na gani."

"Sunan abin ke nan. Ba iska a ciki. Duba nan."

Na karya ka'idojin duka a zama ɗaya. Na buɗe tafina na nuna mata sarkin a maƙale. Na juya hannun na nuna yadda yake ɓacewa in an kalle shi ta baya. Na shafa a hankali, a hankali, har ta ga lokacin da yake sauka a kan jar. Na sake yi. Ta karɓi kartar ta sa a tafinta, yatsunta da suka kanannaɗe suka kasa riƙewa, kartar ta faɗi a kan zanenta. Ta daɗe tana kallonta. Na jira kuka, ko zagi, na shirya wa kowanne.

"Wa ya koya maka?"

Na ciro waya na kunna mata. Ta matso da fuska tana kallon hannuwan nan biyu a kan koren ƙyalle, muryar tana ta Faransancinta. Na tsayar da shi a daidai wurin, na mayar baya, na sake kunnawa don ta gani da kyau.

"Ina huskatai?"

"Ba a nunawa. Hannu ne kawai da murya."

"Ka san sunanai? Ka san garinsu?"

Na ce ban sani ba.

"Kwana nawa ka yi kana koyo?"

Da na san inda tambayar za ta, da na rage. Amma ni da son a yaba mini, sai na gyara zama na ce wata bakwai, kullum, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Har na ƙara mata da labarin madubin babur, ina jiran ta yi dariya.

Ba ta yi ba. Ta miƙo mini wayar da hannu biyu, kamar yadda ake mayar wa baƙo kayansa.

"Wata bakwai," ta ce. "Kullum. Gaban mutumin da ba ka taɓa gani ba, don takarda ta sake launi." Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta. "Ni da cewa nike ba ku da haƙurin koyo, ƴaƴan yanzu. Shi nika hwaɗa ma Doguwa kullum, in ce ta yi musu uzuri, lakkol ta lalata musu zama. Ashe kun iya zama. Tun kana rarrahe nike cikin gidan ga, mushe. Yini guda ba ka taɓa zamnawa ka ce Gwaggo wagga saiwa ta mi ce ba."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ta yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara cewa ai ba a makara ba, in ta yarda gobe ma sai in zo da littafi in rubuta sunayen itatuwan. Ita da ni duk mun san iyakar abin da zan iya ɗauka ke nan, itatuwa. Ƙwaryar nono ba zan kai tsamiya ba, ba zan yi mata ƙarya ta biyu ba. Na faɗa mata haka.

"Na sani," ta ce. "Kwana ukun ga dai na yi barci."

Ta kira wata daga cikin matan gida ta ce a aika Gesheme a gaya wa mai goge ya yi zamansa. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta taka zuwa turke, ta sunkuya a kan igiyar akuyar. Ƙullin ya ɗaure tam, yatsunta suna ta zamewa a kai. Na yi zumbur na tashi zan kama mata.

"Zamna," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Kada ka ɓata hannunka."