Gashin Bakin Alhaji da Tukunyar Iska

A shekarata ta biyu a shagon kayan nutso na Dubai, wani Alhaji ɗan Yawuri ya shigo mana da babbar riga, yana ƙamshin turaren Al Buteen. Sana'arsa lodin kwantena, kuma a masallaci aka ba shi labarin akwai Bahaushe a nan.

Tukunyar iska yake so, da abin shaƙa na baki, da tabarau, zai kai wa masu nutson garinsu. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai da takardar shaidar ka koya." Sharaɗin mai shagonmu ke nan da kamfanin da ke ƙera kayan. In muka karya, su janye kayansu, ni kuma in tattara nawa.

Alhaji ya ɗauka salon ciniki ne. Ya ƙara tayi, ya kira ni ɗana, ya kira ni habibi, har ya gano wai kakata 'yar ƙanwar maƙwabcinsu ce. Wallahi na ji kunya, amma na ce khalas, babu hali. Ya fita yana cewa zaman Dubai ya lalata ni.

Da sati ya zagayo sai ga shi. "To, ina ake koyon?"

Ni na raka shi wurin iyo. Mutum mai jikoki, an matse shi cikin baƙar rigar roba kamar buhun da aka cika da yawa. Sai ruwa ya yi ta shiga tabaransa. Mai koyarwa ya nuna gashin bakin nan da Alhaji ke murzawa in yana ciniki, ya ce shi ne matsalar, shi ke hana tabaran mannewa a fuska. Na juya baya don dariya ta ci ƙarfina.

Washegari ya dawo leɓe fes, saura kaɗan ban gane shi ba.

Ranar da ya karɓi takardarsa ina ɗaure masa kaya, na tsokane shi. "Baba, duk wannan wahala har da asarar gashin baki?"

Bai yi dariya ba. Ya ce bara kwale-kwale ya kife a mashigarsu, masu nutso suka yi ta shiga da numfashin ƙirjinsu kawai, ba su kai ƙasa ba. Ya shafa leɓensa.

"Autata a ƙetaren kogi take aure. Duk ranar kasuwa sai ta hau kwale-kwale."

Na ƙara wa kwalin igiya, na ɗauka da kaina har bakin mota.