Shekarar da 'Yar Kawu Ta Zo Karatu

A Wudil aka haife ni, na tashi ina ganin motoci suna sauke ɗaliban jami'a da katifunsu. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga, sau biyu sunana bai fito ba. A karo na biyun ne 'yar kawuna ta ƙauyen Utai, wadda na girme ta da wata takwas, ta samu gurbi. Kawu ya kawo ta a kan babur, ya ce a gidanmu za ta zauna.

"Ke kika san gari," in ji Inna. "Sai ki zaga da ƙanwarki."

Na zaga da ita, raina ba daɗi. Na nuna mata inda 'yan adaidaita suke tsayawa, da shagon da ake buga takardu ba a ɓata wa mutum suna, da matar da ke soya kifi kusa da gada. Na ce ranar Juma'a, ranar kasuwa, ta riƙa sammako, don motocin shanu suna toshe hanya.

"Yaya, ai mu ma muna cin kasuwar nan," ta ce tana dariya.

Da muka isa ƙofar jami'a maigadi ya duba takardarta, ya juyo gare ni.

"Ke fa?"

"Rakiya na yi."

Ya nuna mini benci a gindin darbejiya. Na zauna har aka kira azahar. Ta fito da wasu 'yan mata biyu, har sun saba, ta ce musu, "Yayata ce, babu lungun da ba ta sani ba." Ɗayarsu ta tambaye ni abin da nake karanta. Na ce musu rana ta yi, mu tafi.

Daga nan komai nata ya riƙa ci mini rai. In ta ce ta gaji da lacca sai in ji kamar gori take yi mini. Inna ta daina sa ta wanke-wanke, wai mai karatu ce.

Ana gobe bikin rantsar da sababbin ɗalibai ta zo da doguwar rigar bikin da hularta, ta ce in gwada. Na ce me zan yi da ita. Amma tana shiga wanka na zura rigar, na tsaya gaban madubi. Ta zauna mini ɗas. Ban ji shigowarta ba, sai ganinta na yi a bayana da bokiti a hannu.

"Hular ta karkace, Yaya."

Ta ajiye bokitin ta gyara mini ita. Washegari na ce kaina na ciwo, ban je bikin ba, kuma sai da na kwana uku ban yi mata magana ba. Yanzu tana aiki a Kano, takan zo mana da sallah. Har yau cikinmu babu wadda ta tayar da zancen.