Azurfar da Nake Jira Ta Yi Baƙi

Mun tashi da asuba daga gida, ni da ƙanwata, wadda na ɗauko saboda Turancinta. Dubai ba baƙon wuri ba ne a gare ni, na yi shekaru ina saro abaya da takalma a can. Amma wannan karon ko sisi ban ware wa kaya ba. Ɗana na fari yana kwance a asibiti a Ireland da ciwon daji, kuma ya kafe sai an ɗaura aurensa da wata Baturiya abokiyar aikinsa kafin wata ya ƙare. Sau biyu na nemi bizar ƙasar, sau biyu suka hana ni. Shi ne yarinyar ta ce mu haɗu a Dubai, in gan ta ta gan ni, mu zaɓa masa zobe tare.

Mun yi zaman jiran jirgi a Adis Ababa har ƙafafuna suka kumbura. Ƙanwata ta sayi shayi kofi ɗaya, ta juya kuɗin zuwa naira, sai ta koma kurɓarsa kamar magani. A Dubai muka sauka a ƙaramin otal ɗin da na saba a Al Ras, inda ƙamshin kanumfari da turaren wuta ke bin mutum har ɗaki. Wani ɗan Kano mai aikin kago ya hango ni ya ce, "Hajiya, kwantena nawa bana?" Na ce masa sai dai wani zuwan.

Washegari yarinyar ta same mu a ƙofar otal, doguwa, siririya, da ɗan mayafin da ya ƙi zama a kanta. Ta ce, "Sannu, Mama," Hausarta ta ƙare nan. Ni kuwa tun daga Kano na ɗaure fuskata, haka na tafi da ita har kasuwar zinare.

A shagon wani dattijo ɗan Pakistan ta fito da zoben kakanta. Zanensa igiyoyi biyu ne a sarƙe, suna shiga suna fita, ba a ganin farkonsu balle ƙarshe. Keltik suke kiransa, saƙar kakanninsu ce. Irinsa take so, na zinare. Na ce wa ƙanwata ta faɗa mata namiji Musulmi ba ya sa zinare. Dattijon ya turo farin zinare, wai ba mai ganewa. Na ce Allah zai gane, shi dai dattijon ya ba ni ƙarfen da ya fi kowanne ƙarfi. Ya ɗauko wani mai nauyi, tungustan, ya karce shi da ƙusa, ko alama babu. "Wannan har jikoki, Hajiya." Na ce kalas, magana ta ƙare, shi nake so.

Da ya tambayi awo, sai ta zaro ƙullin zare daga jakarta, wanda ta auna yatsansa da shi. Na karɓa na gwada. Ya ƙi wuce gaɓar yatsana, sai a ɗan ƙaramin ya shiga. Yaron da tun yana sakandare takalmin babansa ya yi masa kaɗan! Kullum a waya cewa yake, "Da sauƙi, Umma," ni kuma ina yarda don ina son yarda. Ƙanwata ta tambaye ta, sannan ta juyo a hankali. "Yaya, wai na makon jiya ne. Na watan da ya wuce ya fi shi faɗi. Wata rana kuma hannun kumbura yake yi."

Dattijon ya daina raha, ya mayar da tungustan cikin akwati. Ya ce ba a rage shi, ba a ƙara shi, in yatsa ya kumbura sai dai a fasa. Azurfa ce mai laushi, tana yankuwa. Zai bar ɗan fili ba zane ta baya, don a riƙa ragewa ba tare da an tsinke saƙar ba. "Illarta ɗaya," in ji shi, "bayan shekara ɗaya ko biyu cikin zanen zai yi baƙi, sai an goge." Yarinyar ta maimaita maganar shekarar da Turancinta, ta kama hannuna. A nan fuskar da na ɗauro ta kwance, muka yi kuka a gaban mutane. Mafi arha a shagon muka saya.

Kwana biyu muka jira aikin. Shinkafar biryanin da na saba cinyewa tas, tare muka zauna da yarinyar muka kasa cin rabi. Ta wuce da zoben, mu muka juyo Kano.

A waya na kalli ɗaurin auren, daga gadon asibiti. Zoben ya ɗan yi masa yawa, ta naɗa zare ta baya. Na tafi neman ƙarfen da ba ya lalacewa, na dawo na san ba ƙarfen ba ne abin ji. Kowace Juma'a tana turo min hoton hannunsa, in ja shi in ƙura wa zanen ido. Har yanzu ƙyalli yake. Ku taya ni roƙon Allah ya nuna min ranar da zai yi baƙi a yatsansa.