Baba Birki Ya Ce A Take Akuyar

Kana gudun kilomita ɗari a awa, akuya ta faɗo maka titi, ga tankar mai na tahowa a ɗaya hannun: me hannunka zai yi kafin kanka ya gama tunani?

Na yi wa direbobi ashirin da uku wannan tambayar a bakin garejin da nake faci. Sha tara sun ce za su kauce. Baba Birki ya ce waɗannan sha taran gawawwaki ne da ba a kai ga yi wa wanka ba.

Tsohon direban tirela ne, shekara talatin da ɗaya a kan hanya. Da ya ajiye tirela sai ya sayi wata tsohuwar mota, ya shiga koya wa samari 'yan sha takwas da sha tara yadda za su yi doguwar tafiya su kaɗai. Kwana arba'in yake yi da yaro, goma daga ciki na buhu ne.

Ni nake ja masa buhun. Akwai wani tsohon titi da aka daina bi a bayan garejinmu. Sai in cika buhu da dusar katako, in ɗaura masa igiya, in laɓe bayan tarin tayoyi. Yaro na tahowa da gudu sai in fizgo buhun tsakiyar titi. Dokar ɗaya ce: taka birki, riƙe sitiyari a miƙe, bi ta kansa. Wanda ya karkata sitiyari ko da faɗin yatsa biyu ne, guntun bel ɗin fanka zai sauka a bayan hannunsa.

Auta, ɗan yayata, ya sha bel arba'in da shida a kwana huɗu. Na ƙirga. Yaro ne mai tausayi, ko kyankyaso ba ya iya takewa. Ran na biyar yayata ta zo garejin, ta kamo hannun Auta da ya kumbura ya fashe a wuri uku, ta ɗaga shi a fuskar tsohon, ta kira shi azzalumi a gaban kowa. Ya bari ta gama. Sannan ya ce mata ɗansa na fari kare ya kauce wa, yana ɗan sha tara.

"Karen ya tsallake lafiya lau, 'yata. Ni kuwa a zani biyu na kwaso ɗana."

Ta juya ta fita, ba ta kuma tafi da yaron ba.

Ran na arba'in Auta ya ɗauki hanya shi kaɗai, kilomita ɗari uku da tamanin, ni da Baba Birki muna biye a wata mota, tazarar turakun lantarki biyar. Da hantsi, a kilomita na ɗari biyu da sha biyu, wajen wani ƙauye, akuya ta faɗo. Babbar mota ɗauke da siminti na tahowa. Na ga jar fitilar birkin Auta ta kama, motar ba ta goce ba. Ƙarar ta zo kamar an fasa ganga. Akuyar ta tashi sama, ta bugi gilashi, ta faɗo gefe hanjinta a waje tana shure-shure. Mai simintin ya wuce abinsa.

Kafin mu tsaya mutum shida sun fito da sanduna. Suka jawo Auta ta taga, suka yi jifa da shi kan tsakuwa. Baba Birki, mai shekara sittin da takwas, ya riga ni isa. Bai roƙi kowa ba, ya kife a kan yaron kawai. Sanda tara na ƙirga a gadon bayansa kafin wani dattijo ya raba. Haƙarƙarinsa biyu suka karye.

Da aka sasanta da mai akuyar, Auta ya zauna a bakin kwata yana amai, ya rantse ba zai sake taɓa mota ba. Tsohon ya tofar da jini, ya ce in goge gilashin. Ya ɗauko makullin daga cikin ƙura ya danna wa Auta a tafin hannu.

"Saura ɗari da sittin da takwas, malam mai tausayi. Ni asibitin can nake so, ba na nan ba."

Auta ya kai mu cikin awa biyu da minti ashirin. Yanzu duk mako yana bin hanyar sau biyu.

Don Allah ka gwada wani abu gobe. Cika kwano da ruwa taf, ka riƙe shi da hannu biyu kana tafiya, ka sa wani ya daka maka tsawa ba zato, sau goma. Ƙirga sau nawa ruwan ya zube kafin ka ɗauki makullin mota.