Ƙwarya Ta Uku

Jiya ƴata Hadiza ta same ni a bayan gidanta na unguwar Bobiyel, na jera robobi uku ina ɗaurayar ƙunzugun jaririnta. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Haba Mama, ga pampo yana zuba, mene ne na jera robobi kamar mai sayar da koko?" Na ce ta bar ni da halina. Da ta koma ɗaki na zauna hannu a jiƙe, sai ga Bukoki, unguwar da na tashi a Yamai, ta dawo mini, da hayaƙin murhunmu, da muryar Kaka.

Shekarata tara a lokacin. Zamanin soja ne, shekarar da damina ta yi mana rowa har mutanen karkara suka yi ta kwararowa Yamai. Kaka, mahaifiyar babana, ta iso mana daga ƙauyensu na ƙasar Tawa a bayan wata babbar mota, da ƙunshin kaya ɗaya, da butarta ta alwala, da wata akuya mai suna Kyalla. Duk garkenta fari ya cinye, Kyalla kaɗai ta rage, ita ma haƙarƙarinta a waje. Baba tela ne, kullum yana kasuwa. Inna kuwa tana goyon ƙanena Isuhu, ɗan wata huɗu, wanda Kaka take kira angonta. Tana ɗaukarsa sai ta ce, "Wanga ango nawa ba shi da aiki sai ɓata zane. Ko sadaki bai biya ba!"

Pampo ɗaya ne a kan kwanar layinmu, shi ma sai ya ga dama. Inna takan fita tun asuba ta bi layi, abin da ta samo ta zuba a randa ta raba shi kamar magani: na tuwo, na sha, na butar Baba, na butar Kaka, sai ƙwarya uku na wankin ƙunzugun Isuhu. Daga nan ta goya shi ta tafi wani layin, inda ake rabon jar dawa, soja na tsaye da bulala. Wankin ya zama nawa.

Ƙunzugun nan Baba ne ya yanko su daga ragowar farin yadi, Kaka ta kalmashe bakinsu da allura. Inna ta koya mini aikin daki-daki. A fara kankare kashin da ɗan kara a zuba masai. Ƙwarya ta farko a cuɗa da sabuni. Ta biyu a ɗauraye. Ta uku a sake ɗaurayewa har sai tsumman ya daina santsi a hannu. A shanya inda rana ta fi zafi, a kwashe kafin magariba, don Kaka ta ce kayan jariri ba su kwana waje. Idan sun bushe a murje su tsakanin tafin hannu su yi laushi. Na iya, wallahi na iya, har Inna tana yabona wurin maƙwabta.

Kyalla ce ta ɓata ni. Abin shanta ƙasari ne, ruwan da aka wanke hatsi, to ina hatsin yake balle ruwansa? Ina wanki tana ɗaure a gindin katanga tana kallon ƙwaryata, tana wani kuka siriri. Wata rana na duba ƙwarya ta uku, ruwa garau, na duba tsumman, ya riga ya yi fari tas. Na ce a raina, wannan ɗauraya ta ƙarshe ai ɓarna ce. Na waiga babu kowa, na miƙa wa Kyalla ƙwaryar. Ta shanye har tana lasar gindin. Na ji wani daɗi a zuciyata, na ɗauka ni ce mai tausayin Bukoki duka. Washegari na sake, jibi na sake.

Ba a yi mako ba gindin Isuhu ya yi jawur. Ƙuraje suka feso, suka fashe, fatar cinyarsa ta saɓule. Ko fitsari ya yi sai ya ƙwalla ƙara har ya shiɗe. Ya rage kama nono, ya fara ramewa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce ai jar dawar nan ce ta ɓata wa Inna nono, gara ta cire shi ta koma ba shi kunu. A shekarar nan, jaririn da aka cire a nono yana wata huɗu, kowa ya san inda ake kai shi. Na ga Inna zaune bakin ƙofa tana kuka ba sauti, ta ce wa Kaka idan Juma'a ta zo bai samu sauƙi ba za ta gwada kunun. Ni kuwa ban haɗa ciwon da ƙwaryata ba. Ko in ce, ban yarda na haɗa ba.

Da la'asar ɗin ranar ina kwashe shanya, Kaka ta miƙo hannu ta karɓi tsumma ɗaya. Ta murza shi, ta shinshina, sai na ga ta kai shi bakinta ta taɓa da harshe. Ta tofar da yawu gefe. Ta dubi Kyalla, ta dube ni, ta mayar mini da tsumman. Na kwashe sauran shanyar na shige ɗaki.

Al'adarmu ce bayan an yi magariba an ci tuwo, mu da yaran maƙwabta mu kewaye murhu kafin garwashin ya mutu. Itace ya yi wuya, don haka Kaka takan ce tatsuniyarta tsawon wuta gare ta. Ranar ta gyara zama, ta ɗora Isuhu a cinya ba ƙunzugu, ta shafe shi da man kaɗe.

"Ga ta nan tafe, ƙafa ɗaya gare ta," in ji ta.

Muka ce, "Mu ara mata ta biyu!"

Ta ce wai an yi wata shekara da rijiyoyi duka suka ƙafe, sai guda ɗaya can cikin daji, wadda wani kwaɗo yake zaune a ƙasanta. A lokacin, in ji Kaka, bayan kwaɗo sumul yake, yana sheƙi. Wata mace mai goyo ta zo ta roƙe shi ruwan wanke tsumman ɗanta. Kwaɗo ya ce zai ba ta ƙwarya uku kullum, amma ta ji da kyau: ta farko ta dauɗa ce, ta biyu ta sabuni, ta uku ta yaro. Matar ta yi godiya. Ana nan, rannan a hanya ta tarar da wata kurciya kwance, ƙishirwa za ta kashe ta. Tausayi ya kama ta, ta ba kurciya ƙwarya ta uku. Kullum haka. Kurciya ta murmure, yaro kuwa jikinsa ya ɗauki wuta, kukansa har ƙasan rijiya.

Nan Kaka ta kumbura kumatu ta yi muryar kwaɗo, yara suna ta dariya. "Ke mai goyo! Wa ya sha ƙwaryar yaro? Wa ya sha ƙwaryar yaro?"

Ni ban yi dariya ba. Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da yatsa.

Matar ta yi ta musu kwana biyu, a na uku ta durƙusa bakin rijiya ta faɗi gaskiya. Kwaɗo ya ce, "Tausayinki na da kyau, amma kin yi kyauta da abin da ba naki ba, kuma mai abin ba shi da bakin da zai ce a'a. Mi ya hana ki gaya mini?" Sai ya ɗebo ƙwarya ta huɗu daga ɗan ruwan da shi kansa yake kwanciya a ciki, ya ce wannan ta kurciya ce. Yaro ya warke, kurciya ta rayu. Kwaɗo kuwa bayansa ya bushe ya yi kirci, shi ya sa har yau yake da ƙurarraji.

"Ta tahi da ƙafafunta biyu," in ji Kaka, "wanda ya ara mata ya bi ta ya amso."

Yara suka watse. Na tsaya ina jujjuya bakin zanena, sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Kaka, ni ce. Ni na ba Kyalla."

Ta jawo ni jikinta. "Na sani, ƙawata. Harshena ya gaya mini tun la'asar. Sabuni ne ya kwana cikin tsumma yana cin angona. Tashi ki gaya ma uwarki da bakinki, kada ta hana shi nono a banza."

Na je na gaya mata. Inna ta ɗaga hannu za ta kai mini mari, sai hannun ya tsaya a sama, ta je ta karɓi Isuhu daga cinyar Kaka ta rungume shi, ta fashe da kuka tana cewa, "Ashe ba nonona ba ne, ashe ba nonona ba ne." Da safe Kaka ta sa aka tafasa ƙunzugun duka a tukunya, aka ɗauraye su har sau huɗu, aka bar Isuhu tsirara a kan tabarma yana shan iska. Kafin Juma'a ƙurajen sun fara bushewa, ya koma kama nono kamar zai cinye Inna. Ba a dama kunun ba.

Kyalla fa? Na yi tsammanin za a sayar da ita, amma kullum da hantsi sai in ga kaskonta a jiƙe. Ban tambaya ba, yaro ai in abu ya yi daidai shi ke nan. Sai wata azahar na shigo daga lakwal, makarantarmu ta boko, na tarar da Kaka a bayan ɗaki ta durƙusa, tana buga tafin hannunta a kan rairayi tana shafa fuska. Butarta na gefe a kife.

Na ce, "Kaka, taimama kike yi? Ina ruwan butarki?"

Ta ce, "Ke dai kin cika tambaya. Allah ya san Bukoki, ya san pampon Bukoki. Wuce ki kwashe shanya."

Na wuce abina. Sai da na yi aure na haihu, ina tsugune gaban roba ina ɗaurayar tsumman Hadiza, sannan abin ya faɗo mini, na zauna daɓas a ƙasa. Tsohuwar da ba ta taɓa yarda salla ta same ta ba alwala ba, ita ce ta yi watanni tana shafa rairayi don kada jikarta ta zaɓa tsakanin ƙanenta da akuya. Na tuna yadda fatar hannunta ta yi fari ta tsattsage a shekarar. A lokacin ta riga ta rasu, ban samu na ce mata na gane kwaɗon ba, kuma wannan yana ci mini rai har gobe.

Isuhu yanzu ƙato ne mai furfura, direban babbar mota, in na tsokane shi da zancen gindinsa sai ya ce in rufa masa asiri gaban ƴaƴansa. Ni kuma ga ni a Bobiyel, pampo na zuba, ina jera robobi uku. Da na gama jiya na ɗauki tsumma ɗaya na taɓa da harshe. Hadiza ta hango ni ta taga ta ce, "Mama! Ƙazanta!" Na ce babu sabuni, ɗauko mini angona.